Injin yankan itace: yadda ake zaɓen girman da ya dace da aikin itacen girki

Itace shi ne makamashin da akasarin gidaje ke girki da shi a Nijar, Cadi, arewacin Kamaru da arewacin Najeriya, duk da ƙoƙarin da hukumomi ke yi na yaɗa amfani da iskar gaz. Har yanzu gatari da adda ne ke yin mafi yawan aikin sara da faskare, amma injin yankan itace, wanda ake kira tronçonneuse da Faransanci, yana ƙara shiga hannun masu sana'ar itace, masu garake da ƴan kwangilar rage rassan bishiyoyin cikin gari. Tambayar farko da mai saye ke cin karo da ita a shago ita ce ta girman inji: 30, 45, 58, 72 ko 105? Wanda ya ɗauki ƙarami fiye da aikinsa zai ƙone shi kafin ya mayar da kuɗinsa. Wanda kuma ya ɗauki babba fiye da buƙata zai yi asarar mai, ya gaji da wuri, kuma a lokacin gajiya ne aka fi yin haɗari.

Abin da lambar cc ke nufi

Lambar da ake rubutawa da cc ko cm³, wadda takardun Faransanci ke kira cylindrée, ita ce yawan filin da fistan ke sharewa cikin silinda a tafiya ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Ma'auni ɗaya ne da wanda aka sani a jikin babura, inda ake cewa wannan 100 ne, wancan 125 ne. Ana samun lambar daga faɗin silinda da tsawon tafiyar fistan. Alal misali, injin Stihl MS 250 yana da silinda mai faɗin milimita 42,5 da tafiyar milimita 32, abin da ya ba da cc 45,4.

Gwargwadon girman silinda, gwargwadon yawan iska da man da take ƙonawa a bugu ɗaya, shi ya sa babban inji ke iya jan doguwar sarƙa cikin itace mai tauri ba tare da ya shaƙe ba. Injunan yankan itace masu shan fetur kusan duka masu bugu biyu ne, irin na tsofaffin mobilet da ake zuba wa melanj, watau fetur haɗe da man inji. Ƙanana da matsakaitansu kan yi juyi dubu 13 zuwa dubu 14 a minti ɗaya, sarƙar kuma tana gudun da ya kai mita 20 a daƙiƙa.

Sai dai cc kaɗai ba ya faɗin ƙarfin inji. Ainihin ƙarfin ana rubuta shi da kilowat ko da ƙarfin doki, kuma kilowat ɗaya ya kai kusan ƙarfin doki 1,36. Husqvarna 455 Rancher yana da cc 55,5 da kilowat 2,6, alhali Stihl MS 261 mai cc 50,2 yana ba da kilowat 3, kuma ya fi shi sauƙin nauyi da kusan kilo ɗaya. Haka nan tsohon Stihl 070 mai cc 105,7 yana ba da kilowat 4,8, yayin da MS 661 mai cc 91,1 ke ba da 5,4. Saboda haka lambobi uku ake dubawa tare: cc, kilowat da nauyi.

Rukunan injuna da aikin kowanne

Daga cc 25 zuwa 35, masu mariƙi a sama: waɗannan an ƙera su ne domin ƙwararrun da ke hawa bishiya da igiya suna rage rassa. Ƙanƙantarsu kan ruɗi mai saye ya ɗauka sun fi sauƙin sarrafawa. Mariƙansu biyu suna kusa da juna, don haka da wuya a tare su idan sun yi tutsu. Ba su dace da yankan itacen girki a ƙasa ba.

Daga cc 30 zuwa 40, masu mariƙi a baya: irin su Stihl MS 170 mai cc 30,1, MS 180 mai cc 31,8 da Husqvarna 120. Nauyinsu tsakanin kilo 4 ne zuwa 5, suna aiki da ruwan zarto mai santimita 30 zuwa 40. Ruwan zarto shi ne dogon faifan ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, wanda ake kira guide da Faransanci. Sun isa ga rassa da gumagumai masu kaurin santimita 20 zuwa 25, a aikin gida ko na garka na lokaci zuwa lokaci.

Daga cc 40 zuwa 50: irin su MS 250 da Husqvarna 445 mai cc 45,7. Suna ɗaukar ruwan zarto mai santimita 40 zuwa 45, suna yanka itace mai kaurin santimita 30 zuwa 35 ba tare da wahala ba. Wannan rukuni ne ya fi dacewa da babban gida, makarantar kwana ko gidan burodi da ke tanadin itacen kansa.

Daga cc 50 zuwa 60: irin su MS 261, MS 361 mai cc 59 da Husqvarna 550 XP mai cc 50,1. Ruwan zartonsu santimita 45 ne zuwa 50. Su ne injunan mai sana'a, wanda ke yanka kowace rana domin sayarwa. A nan ne ƙarfi da nauyi suka fi daidaita.

Daga cc 60 zuwa 80: irin su MS 381 da MS 382 masu cc 72,2, da Husqvarna 372 XP mai cc 70,7. Suna jan ruwan zarto mai santimita 50 zuwa 70, nauyinsu ya haura kilo 6 tun kafin a ɗaura sarƙa a zuba mai. Aikinsu kayar da manyan bishiyoyi ne da daddatsa gumagumai masu kaurin rabin mita ko fiye.

Daga cc 90 zuwa 120: irin su MS 660, 070, Husqvarna 395 XP da 3120 XP. An san su a dazuzzukan kudancin Kamaru, Gana da kudancin Najeriya wajen kayar da manyan itatuwa da tsaga katako. Nauyin 070 ya haura kilo 10 ba tare da ruwan zarto ba. Ga mai neman itacen girki a Sahel, da wuya a samu aikin da zai sa a nemi irinsu.

A auna itacen kafin a je shago

Ba a zaɓen inji da babban gungumen da aka taɓa gani sau ɗaya a shekara. Da itacen da ake yanka kullum ake zaɓensa. Hanya mafi sauƙi ita ce a zagaya gungume da igiya, a auna tsawon igiyar, a raba uku da ɗan kaɗan, abin da ya fita shi ne kaurinsa. Gungumen da igiyar mita ɗaya ta zagaye yana da kaurin kusan santimita 32. Idan aka auna gumagumai goma ko ashirin daga irin waɗanda aka saba samu, za a ga inda mafi yawansu suka tsaya.

Ƙa'idar da masu aikin suka saba bi ita ce ruwan zarto ya zarce kaurin itacen da kamar santimita 5, domin a yanke shi da shiga ɗaya. Idan wani lokaci aka haɗu da wanda ya fi haka, ana iya yanka shi ta ɓangare biyu, kuma ta wannan hanya ruwan zarto mai santimita 40 yana iya raba gungumen da ya kusa ninka tsawonsa. Aiki ne da za a iya yi jefi-jefi. Idan ya zama na kullum, injin ya yi wa aikin kaɗan.

Abu na biyu da ake aunawa shi ne yawan aikin. A Nijar ana lissafin itacen sayarwa da sitar, watau tarin itace mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. Wanda ke buƙatar ƴan sitar kaɗan a shekara ba ya cikin hali ɗaya da wanda ke cika amalanke ko mota kowane mako. Ƙananan injunan gida an ƙera su ne domin aikin sa'o'i kaɗan a wata. Na ƙwararru kuwa jikinsu na ƙarfen magneziyom ne, an yi su domin su wuni suna aiki, kuma ana iya kwance su a sake musu fistan da silinda.

Itacen Sahel da halinsa

Jadawalin da kamfanoni ke bugawa sun fi la'akari da itatuwan Turai da Amurka, waɗanda da yawansu masu taushi ne kuma ana yanka su ɗanyu. Itacen wannan yanki yana da nasa hali.

Mafi yawan itacen girkin da ke shiga Yamai daga dazuzzukan fako na kewayenta ƙananan itatuwa ne irin su geza, tsiriri da sabara, waɗanda kaurinsu bai cika wuce na cinyar mutum ba. Irin wannan itace inji mai cc 30 zuwa 40 ya ishe shi, sau da yawa ma gatari mai kaifi ya wadatar, ba tare da kuɗin fetur ba.

A gefe guda akwai itatuwa masu tauri da nauyi: ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita kuma maƙera ke son gawayinta, da marke, bagaruwa, aduwa da tsamiya. Idan suka bushe sukan ƙara tauri. Gungumen busasshiyar ƙirya mai kaurin santimita 30 yana neman ƙarfin da ya fi na gungumen dogon yaro ko turare mai wannan kauri. Wanda aikinsa ya fi yawa a kan irin waɗannan itatuwa, gara ya hau rukuni ɗaya sama da abin da kaurin itacen ya nuna, amma ya bar ruwan zarton a gajerensa. Inji mai cc 50 zuwa 60 da ruwan zarto mai santimita 40 ko 45 ya fi sauri cikin busasshen marke a kan inji mai cc 45 da aka ɗaura wa na santimita 50.

Dogon yaro da turare, waɗanda aka fi shukawa a cikin garuruwa da bakin hanyoyi, matsakaita ne wajen tauri. Matsalarsu ita ce ƙusoshi da wayoyin da mutane ke bugawa a jikinsu domin rataye allo ko kafa rumfa, waɗanda ɓawo ke rufewa bayan shekaru. Ƙusa ɗaya ta isa ta lalata haƙoran sarƙa.

Babban abokin gaban sarƙa a Sahel shi ne rairayi. Busasshen itacen da ya daɗe a kwance yana cike da ƙasar da iska ta cusa cikin tsagoginsa da laka da gara ta shafe shi da ita. Girman inji ba ya maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne a kankare ƙasar da adda a wurin da za a yanka, a ɗora gungumen a kan wani itace domin kada sarƙa ta taɓa ƙasa.

Ruwan zarto da sarƙa

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura dogon ruwan zarto a kan ƙaramin inji. Tsawo yana ƙara yawan haƙoran da ke cikin itace a lokaci ɗaya, sai inji ya riƙa shaƙewa, kuloci ya yi zafi, famfon mai ya kasa jiƙa sarƙar har ƙarshenta. Kowane kamfani yana rubuta iyakar tsawon da injinsa ke ɗauka, kuma inji ya fi jin daɗin aiki a tsakiyar wannan iyaka. Kayan da suka biyo ta Najeriya ko Gana sukan zo da ma'aunin inci: inci 14 santimita 35 ne, inci 16 santimita 40, inci 18 santimita 45, inci 20 kuma santimita 50.

Sarƙa ma tana da girma iri-iri, kuma ba kowace ce ke shiga kowane inji ba. Ƙananan injuna suna amfani da 3/8 mai gajerun haƙora, matsakaita da 0,325, manya da cikakkiyar 3/8, su kuma irin 070 da 0,404. Dole girman sarƙa ya dace da na ruwan zarto da na gurgurar da ke jan ta. Kowace kuma da magagarin da ake wasa ta da shi: milimita 4 ga ƙaramar 3/8, milimita 4,8 ga 0,325, milimita 5,2 ko 5,5 ga manya.

Haƙoran sarƙa iri biyu ne. Masu kusurwa mai tsini sun fi sauri a cikin ɗanyen itace mai tsabta, amma suna saurin dakushewa idan suka haɗu da ƙasa. Masu lanƙwasasshiyar kusurwa sun ɗan fi jinkiri, sai dai sun fi jure ƙura da busasshen itace, don haka su suka fi dacewa da wannan yanki. Alamar sarƙa mai kaifi ita ce ta riƙa fitar da ɓarɓashi manya-manya tana shiga itace da kanta. Idan ta koma fitar da gari mai laushi, kuma sai an danna ta da ƙarfi, ta dakushe. Ƙaramin inji mai kaifin sarƙa yana gaban babba mai dakusasshiya, shi ya sa masu aikin ke ɗan wasa ta duk lokacin da suka tsaya zuba mai.

Nauyi da ƙarfin mai aiki

Nauyin da ake rubutawa a takarda na injin ne kaɗai. Ruwan zarto, sarƙa, fetur da mai suna ƙara kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, a manyan injuna ma fiye da haka. Injin da aka rubuta wa kilo 6 da rabi zai kai kilo 8 ko fiye a hannu. Ɗaga shi a cikin shago na minti ɗaya daban yake da riƙe shi a sunkuye na sa'o'i biyar cikin zafin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40.

Aikin itacen girki yawancinsa datsa rassa ne da yanka gajeru-gajeru, ana ɗaga inji ana saukewa ɗaruruwan lokuta a wuni. A nan inji mai sauƙin nauyi yakan gama aikin da ya fi na babba yawa, domin mai shi ba ya tsayawa hutu akai-akai. Wannan ne dalilin da ya sa masu sana'a da yawa ke riƙe injuna biyu, matsakaici na kullum da babba na ranar da aka samu ƙaton gungume. Wanda ba shi da halin biyu, ya sayi matsakaici, ya ɗauki hayar babba a ranar da buƙata ta taso.

Mai, zafi da ƙura

Shan mai yana tafiya da girman inji. Tankin MS 180 rubu'in lita yake ci, na MS 382 kusan kashi biyu cikin uku na lita, na 070 kuwa ya haura lita ɗaya. Babban injin da ake yanka ƙananan rassa da shi yana ƙona fetur ne a kan aikin da ƙarami zai yi da kaɗan.

Kamfanonin Stihl da Husqvarna sun ƙayyade haɗin kashi 50 na fetur da kashi ɗaya na man inji mai bugu biyu mai kyau, watau mililita 100 na mai a cikin lita 5 na fetur. Yawancin injunan Cana masu araha suna neman haɗin 25 da ɗaya, watau mililita 200 a lita 5. Abin da takardar injin ta ce shi ake bi. Zuba fetur tsantsa, ko da tanki ɗaya ne, yana iya kama fistan cikin mintoci kaɗan. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya a tace shi kafin a haɗa, domin ruwa da ƙasa suna toshe kafireto. Haɗin da ya wuce wata ɗaya a ajiye kuma ya fara lalacewa.

Akwai tanki na biyu na man sarƙa, wanda ake cikawa duk lokacin da aka zuba fetur. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke cin famfo da ruwan zarto, yana kuma cutar da fata, don haka kamfanoni suka hana amfani da shi.

Iska ce ke sanyaya waɗannan injuna. A lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska da haƙarƙarin silinda cikin wuni ɗaya, a bazara kuma iskar da ke shiga da zafinta take shiga. Ƙaramin injin da ake takurawa a kan babban itace shi ya fi saurin ƙonewa a irin wannan yanayi. Ana goge matatar iska kowace rana, a yi aikin da sanyin safiya, a bar inji ya ɗan yi numfashi bayan doguwar yanka kafin a kashe shi. A wurare masu tudu kamar Jos, Ngaoundéré ko duwatsun Ayar, inji yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 100 ta hawa, saboda ƙarancin iska.

Na asali, na kwaikwayo da kayan gyara

Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a Jamus a 1926, Husqvarna na ƙasar Suwidin kuma ya fara ƙera injin yankan itace a 1959. Sunayen nan biyu su aka fi kwaikwaya a kasuwa. Akwai injunan Cana da ake sayarwa da sunansu na gaskiya, masu lamba 5200 ko 5800, waɗanda ke nufin cc 52 da 58. Akwai kuma waɗanda aka yi wa fenti da tambarin wani kamfani domin a ruɗi mai saye. Lambar cc da ke jikin irin waɗannan ba kullum take daidai ba, kuma ƙarfinsu ya kan gaza na injin asali mai lamba ɗaya. Ga mai ƙaramin aiki suna iya biyan buƙata, muddin ya san abin da ya saya kuma kuɗinsa ya biya. Ga wanda abincinsa ya dogara da injin, araha ba ta ado.

Kafin a yanke shawara a kan kowane samfuri, a bincika ko akwai sarƙarsa, fulogi, matatar iska, igiyar tayarwa da fistan a kasuwar da ta fi kusa, da kuma makanikin da ya san shi. Inji mai cc 50 da ake samun kayansa a gari ya fi mai cc 60 da sai an aika Kano, Kwatano ko Lome.

Idan na hannu za a saya, a cire salansa a leƙa jikin fistan: zane-zane daga sama zuwa ƙasa alama ce ta inji da ya taɓa kamawa. A ja igiyar tayarwa a ji ko tana turjiya, a gwada birkin sarƙa, a kuma tabbatar mai yana fita a bakin ruwan zarto.

Na lantarki da na batir

Injunan da ake haɗawa da wutar gida, masu wat 1800 zuwa 2400, suna yin aikin da ya yi kusa da na mai fetur mai cc 30 zuwa 40. Ba su da hayaƙi, ba su neman haɗin mai, amma waya da ɗaukewar wuta suna taƙaita su ga cikin gida. Masu batir na volt 36 zuwa 40 su ma a wannan mataki yawancinsu suke. Batir ba ya son zafi, kuma idan ya mutu kuɗinsa kan kai wani babban kaso na kuɗin injin. Sun dace da mai garka da ke da faifan sola, ba su kai ga aikin mai sayar da itace ba.

Haɗari yana ƙaruwa da girman inji

Haɗarin da ya fi muni shi ne tutsu, wanda ake kira rebond da Faransanci. Yana faruwa ne idan saman hancin ruwan zarto ya taɓa itace ko wani abu mai tauri, sai injin ya yi tsalle sama ya nufo fuska ko kafaɗar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido. Gwargwadon ƙarfin inji da tsawon ruwan zarto, gwargwadon tsananin tutsun. Maganinsa shi ne birkin sarƙa, ƙarfen ko robar da ke gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa nan take. Tsofaffin samfurin 070 da ire-irensu ba su da wannan birki, abin da ya sa ba su dace da sabon shiga ba.

Ana riƙe inji da hannu biyu, babban yatsa ya zagaye mariƙi. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a yanka a kan tsani, ba a barin wani ya riƙe itacen da hannu ko ƙafa. Lokacin kayar da bishiya, jama'a su yi nisan da ya kai tsawonta sau biyu aƙalla. Ƙarar inji ta haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa idan abin ya daɗe. Kayan kariya su ne hular kwano, tabarau ko ragar fuska, abin toshe kunne, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki da wando na musamman mai zaren da ke shaƙe sarƙa. Babbar riga, rawani mai jela da silifa ba kayan wannan aiki ba ne. Kada kuma mutum ya tafi daji shi kaɗai, domin raunin sarƙa yana zubar da jini da sauri.

Abin da doka ta tanada

Mallakar inji ba ta ba mutum izinin sare bishiya. A Nijar, doka mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004 ce ke tsara harkar gandun daji, kuma akwai itatuwan da aka ba kariya ta musamman, irin su gawo, kaɗanya, ɗorawa, maɗaci da giginya, waɗanda ba a sarewa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Tun daga dokar 92-037 ta watan Agustan 1992, sayar da itace da jigilarsa zuwa birane suna bi ta kasuwannin itace na karkara, inda mazauna ƙauyuka ke kula da dajinsu bisa ƙayyadadden adadin da za a sara a shekara, masu jigila kuma su biya haraji su karɓi takarda. Dajin Baban Rafi da ke jihar Maraɗi yana cikin wuraren da aka san su da wannan tsari. A shekarar 2020 kuma gwamnati ta fitar da ƙuduri a kan sassaben zamani, wanda ya amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya raina a gonarsa.

A Cadi, hukumomi sun hana sare ɗanyen itace da yin gawayi da shi tun ƙarshen 2008. A Gana, dokar 1998 ta wajabta yi wa injin rajista a hukumar gunduma, ta kuma haramta tsaga katakon sayarwa da shi. A Najeriya gwamnatocin jihohi ne ke da iko a kan mafi yawan dazuzzuka, don haka ƙa'ida ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Madobiya kuwa tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa. A ko'ina mutum yake, ofishin gandun daji mafi kusa shi ne wurin da zai fara zuwa kafin ya kai kuɗinsa shago.

A taƙaice

Mai garka ko magidancin da ke rage rassan dogon yaro da mangwaro, yana yanka itacen da bai wuce santimita 25 ba, inji mai cc 30 zuwa 40 da ruwan zarto mai santimita 35 ya ishe shi. Babban gida, makaranta ko gidan burodi da ke daddatsa gumagumai masu santimita 30 zuwa 35 a kai a kai, ya nemi mai cc 45 zuwa 50 da ruwan zarto mai santimita 40 ko 45. Mai sana'ar da ke da takardar izini, wanda ke wuni a kan busasshen marke, bagaruwa ko ƙirya, ya tsaya tsakanin cc 50 da 60. Cc 70 zuwa sama na wanda gumagumansa suka saba wuce rabin mita ne, kuma ya riga ya goge a kan ƙaramin inji. Daidai ruwa, daidai tsaki. Kuɗin da aka rage ta hanyar barin babban inji sun fi amfani idan aka sayi sarƙa ta biyu, magagari, man inji mai kyau da kayan kariya.